Murhun lantarki na mutuwa ana tsakar girki: laifin murhu ne, na tukunya, ko na wutar gari?

Da zarar bazara ta kankama a Yamai, daga ƙarshen Maris har zuwa Mayu, masu gyaran kayan wuta na fara karɓar rishon lantarki da ƙorafi iri ɗaya: yana mutuwa da kansa. Uwargida ta ɗora wake, ta shiga wani aikin, ta dawo ta tarar ruwa ya daina tafasa. Wani lokaci murhun ya tashi shi kaɗai bayan minti biyu, wani lokaci sai an zare shi daga bango an mayar, wani lokaci kuma ya tafi da wutar gidan dungurungum. A bakin mai murhu duk sunansu ɗaya. A wurin mai gyara kuwa matsaloli ne daban-daban, ɗaya daga cikinsu ma ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera murhun ya yi aiki. Rashin bambance su ne ke sa a sayi kayan gyaran da ba a bukata, ko a cire abin da ke tsare gida daga gobara.

Murhu iri uku, suna ɗaya

Na farko shi ne mai faifan baƙin ƙarfe ko mai naɗaɗɗen ƙarfe, wanda ya fi yawa a kasuwa, mai kai ɗaya ko biyu. A cikinsa akwai wayar zafi, wadda masu gyara ke kira rezistans. Wuta na bi ta cikinta, ta yi zafi, ta gasa faifan, faifan ya gasa tukunya. Ƙaramin faifai, mai faɗin santimita 14 da rabi, yawanci wat 1000 ne. Babba, mai santimita 18, wat 1500. Idan akwai jan ɗigo a tsakiyar faifan, mai sauri ne, yana kaiwa wat 1500 ko 2000.

Na biyu mai gilashi ne da ake ganin ja a ƙarƙashinsa idan an kunna. Shi ma wayar zafi ce, gilashi kawai aka shimfiɗa a kanta.

Na uku shi ne na maganaɗisu, wanda ƴan kasuwa ke kira indiksiyon. Da ido kamar na biyu yake, amma aikinsa daban. Ba ya yin ja, ba shi da wayar zafi. Naɗin tagulla ne a ƙarƙashin gilashi ke tayar da ƙarfin maganaɗisu, gindin tukunyar da kansa ya yi zafi. Yana da allon lantarki, da fanka, da ma'aunan zafi, don haka dalilan mutuwarsa sun fi na sauran yawa. Hanyar gane shi mai sauƙi ce: a kunna ba tukunya, idan ya yi ta ƙara yana ƙyafta lamba ba tare da ɗumi ba, shi ne.

Mutuwar da ba mutuwa ba

Murhu mai wayar zafi ba ya rage wuta yadda ake rage harshen gaz. Mafi yawansu abu biyu kawai suka sani: a kunne ko a kashe. Idan aka juya maɓalli zuwa tsakiya, abin da ke faruwa shi ne murhun na ba da cikakkiyar wuta na ɗan lokaci, ya yanke, ya sake bayarwa. Mai yin wannan aiki wani siririn falle ne na ƙarfe biyu mabambanta da aka manne. Idan ya ɗau zafi sai ya lanƙwashe ya raba mahaɗin wuta, idan ya huce ya miƙe ya haɗa. Shi ne ƙarar "ƙas" da ake ji, shi ne kuma ke sa jar fitilar ƙananan rishon ke mutuwa tana dawowa. A murhun gilashi abin a fili yake: jan ya haska, ya dushe, ya sake haskawa. Ko a lamba mafi girma yakan yanke, domin akwai wata siririyar sanda da ta ratsa kan wayar zafin, aikinta ta katse wuta kafin gilashin ya wuce zafin da zai iya ɗauka.

To yaushe wannan yankewa ke zama alamar matsala? Lokacin da murhun ke kan lamba mafi girma, amma zaman kashe ya fi na kunne tsawo, har lita biyu ta ruwa ta kasa tafasa. A nan, kafin a zargi murhun, a dubi tukunyar.

Tukunyar alminiyam da ake zubawa a kasuwar Katako don murhun gawayi da na ice aka yi ta: gindinta zagaye ne, domin harshen wuta ya lasa ta ko'ina. A kan faifan lantarki, wurin da take taɓawa bai wuce tafin hannu ba, wani lokaci ma ƙasa da haka. Zafin da faifan ke fitarwa ba ya samun hanyar shiga tukunya, sai ya taru a jikinsa, falle mai gadin zafi ya ji an kai iyaka ya yanke. Abinci bai nuna ba, murhu kuma ya yi zafi fiye da kima. Haka abin yake da tukunyar da gindinta ya bankare, ko wadda baƙin gawayi ya yi wa ɓawo. Gwajin ba ya cin ko dala: a kifa tukunyar, a ɗora abin ja layi a gindinta, a duba ta gefen haske. Idan haske na wucewa sosai a tsakiya ko a gefe, tukunyar ba ta wannan murhu ba ce. Faɗinta ma na da tasiri. Wadda ta fi faifan ƙanƙanta na barin gefensa yana ci a banza; wadda ta zarce shi da yawa na mayar da zafi kan jikin murhun da maɓallansa, a gilashi kuma har kan wurin taɓawa.

Tambaya biyu kafin a kwance ko kusa ɗaya

Ta farko: me ya mutu tare da shi? Kai ɗaya ne kawai ya daina zafi sauran na aiki, ko murhun duka har da fitilarsa, ko ɗakin girki, ko gidan baki ɗaya? Ta biyu: yana dawowa da kansa, kuma bayan minti nawa?

Amsoshin nan biyu na raba aikin. Kai ɗaya da ke mutuwa yana dawowa, laifin na cikin wannan kan ne ko maɓallinsa. Murhu duka da ke mutuwa alhali fitilar ɗaki na ci, a nemi laifin a igiyarsa, ko a priz ɗin bango, ko a mahaɗin da igiya ke shiga cikinsa. Idan gida ne ya yi duhu, maganar ta koma kan makatsin wuta. Akwai kuma wata ƙa'ida da ke hana asarar kuɗi: fis ɗin zafi da ake sa wa wasu murhunan sau ɗaya yake ƙonewa, ba ya farfaɗowa. Duk murhun da ke tashi da kansa bayan ya huce, ba fis ɗinsa ba ne, ko da an ce a canza.

Idan ya tafi da wutar gida

Makatsin wuta, wanda aka fi sani da dizonkter, na faɗuwa ne saboda ɗaya daga abu uku: nauyi ya yi yawa, wayoyi biyu sun haɗu, ko wuta na zurarewa zuwa jikin ƙarfe. Lokacin da yake ɗauka kafin ya faɗi shi ke nuna wanne ne.

Nauyi lissafi ne. Wutar gida a Nijar volt 220 ce. A raba wat da volt a samu amper: kai mai wat 2000 na jan amper 9 da ɗan ɗoriya, risho mai kai biyu, 1000 da 1500, na jan sama da amper 11. Makatsi mai amper 15 na ɗaukar kimanin wat 3300 ne gaba ɗaya. Idan firigo na aiki, fankoki uku na juyawa, an kunna na'urar sanyaya ɗaki ko dutsen guga, sannan aka ɗora tukunya biyu, an wuce iyaka. Irin wannan faɗuwa ba ta zuwa nan take. Sai bayan minti biyar, goma ko ashirin, saboda makatsin ma da zafi yake auna nauyi. Wannan ne ya sa murhun da ya yi lafiya lau cikin sanyin Janairu ke fara kayar da wuta a Afrilu: kayan sanyi sun ƙaru a kan layin, makatsin kuma yana cikin akwatin da rana ta riga ta gasa, don haka ya fi saurin faɗuwa. Mitoci masu kati da yawa su ma na yanke wuta da kansu idan an zarce ƙarfin da aka yi rajista da shi, su mayar bayan ɗan lokaci, abin da wasu ke ɗauka ɗaukewar wutar gari ce alhali maƙwabta na da tasu.

Idan kuwa ana juya maɓalli makatsi ke faɗuwa, har da tartsatsi ko ƙara, wayoyi ne suka haɗu a ciki. Kada a sake gwadawa.

Zurarewa ta fi wuyar ganewa. Wayar zafi na kwance ne cikin wani farin gari ko siminti na musamman da ke raba ta da ƙarfen waje. Idan miya ta sha zuba a kan faifan, ko ya tsage, ko murhun ya daɗe a ajiye cikin laimar damina, wannan rufi na shan ruwa, wuta ta fara bi ta jikin ƙarfe. A gidan da ke da makatsin zurara mai miliamper 30 da wayar ƙasa, wuta na yankewa, sau da yawa bayan faifan ya fara ɗumi. A gidan da babu su, ba abin da ke yankewa; mai girki ce ke jin tukunya na ɗan jan hannunta, musamman idan ba takalmi a ƙafarta kuma ƙasa na da jiƙa. Wannan ɗan ja ba abin sabawa da shi ba ne. Na'urar awo ta yau da kullum ba ta cika kama shi ba. Ana auna shi da ma'aunin rufi mai volt 500, kuma sakamakon da ya gaza megaom 1 na nufin a canza faifan.

Priz, ralonj da mahaɗin da ya saki

Nan ne mafi yawan laifin murhun da ke mutuwa duka yake, kuma nan ne aka fi rainawa. Ralonj, wato igiyar ƙara tsawo, mai araha wanda aka yi don cajin waya da talabijin, sau da yawa wayar cikinsa milimita murabba'i 0.75 ce, wadda ba ta wuce amper 6 ba. An ɗora mata 9 ko 11. Wasu suna da ɗan maɓallin kariya da ke yankewa idan sun yi zafi, ya dawo idan an danna. Wasu ba su da komai sai narkewa. Ralonj da aka bari a naɗe ya fi saurin zafi.

Priz da bakinsa ya saki shi ma haka. Mahaɗin da bai kama da kyau ba, ko da turjiyarsa rabin om ce kawai, idan amper 9 na bi ta cikinsa yana fitar da zafin wat 40 a wuri kamar ƙwayar gyaɗa, daidai da ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi. Ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, wuta ta yanke; ya huce ya koma, wuta ta dawo. Kowane zagaye na ƙara ƙona wurin. Alamominsa: kan igiya ya yi zafin da ba a iya riƙewa bayan minti goma, launin ruwan ƙasa a bakin priz, warin roba, ko murhu ya tashi idan an motsa igiyar.

Ƙaramin risho na bukatar priz mai amper 16 a kan wayar tagulla mai milimita murabba'i 2.5, kai tsaye daga akwatin makatsai, ba tare da an raba shi da firigo ba. Babban murhu mai kai huɗu, da ke kaiwa wat 6000 zuwa 7000, ba ya shiga priz ko kaɗan. Ƙa'idar Faransa da masu aikin wuta da yawa a nan suka koya a kanta ta tanadar masa layinsa na kansa, waya mai milimita murabba'i 6 da makatsi mai amper 32. Sai an kula wurin saye, domin akwai wayar da aka rubuta wa 2.5 alhali ba ta kai ba, da wadda alminiyam ce aka shafa wa tagulla. Idan aka kankare ta da wuƙa ta nuna fari, ita ce.

Cikin murhu mai wayar zafi

Duk abin da ke tafe ana yin sa ne bayan an zare murhun daga wuta, ba kashe maɓalli kawai ba.

A fara da ido. Ƙarshen wayoyin da ke shiga ƙasan faifan da bayan maɓalli su ne ke fara ƙonewa. Wanda ya yi baƙi, ya yi shuɗi-shuɗi, ko yake zamewa da ɗan ja, a yanke shi har inda tagulla ke da haske, a sa sabon baki mai jure zafi. Dalma ba ta zama a wurin, narkewa take yi. Wayar roba ta gida ma ba ta zama. Sai mai rufin silikon ko zaren gilashi.

Sai awo. Faifai mai wat 1000 ya kamata ya nuna om 48 zuwa 53, mai 1500 om 32 zuwa 35, mai 2000 om 24 zuwa 26, gwargwadon ko an ƙera shi don volt 220 ne ko 230. Tsakanin kowace ƙafarsa da jikin ƙarfe kuwa kada na'urar ta nuna haɗuwa. Amma akwai tarko: wayar zafi da ta tsage kaɗan na iya nuna lafiya idan ta huce, ta rabu idan ta yi zafi. Maganinsa a bar murhun ya yi aiki har ya mutu, a zare shi, a auna nan take kafin ya huce. Idan a lokacin na'urar ta nuna a buɗe yake, faifan ne. Idan ya nuna daidai, a koma kan maɓalli.

Faifan da maɓallinsa ke da lamba 1 zuwa 6 masu tsayawa ɗaya-ɗaya tsarinsa daban ne: wayoyin zafi uku ne a ciki, maɓallin ke haɗa su ta hanyoyi daban-daban. A lamba 1 suna jere ne ɗaya bayan ɗaya, a 6 kowace na cin gashin kanta. Idan ɗaya ta ƙone, lamba 1 ta mutu ɗungum, wasu lambobin tsakiya ma haka, 6 kuma ta yi aiki da rauni. Mai murhu zai ce yana mutuwa idan an rage shi. Ba maɓalli ba ne, faifai ne.

A murhu mai kai biyu masu ƙarfi ɗaya, mai gyara na iya musanya wayoyin kan da ke ciwo da na mai lafiya. Idan laifin ya tsaya a faifansa, faifan ne. Idan ya bi maɓallin, maɓallin ne. Maɓallin da bakin mahaɗinsa ya ci wuta canza shi ake yi. Goge shi da takardar yashi na ba da ƴan makonni ne kawai.

Murhun maganaɗisu: mai yawan sharuɗɗa

Wannan murhu ba ya mutuwa haka kawai. Kusan kullum yana rubuta lamba, harafin E da wani adadi. Ma'anar lambobin ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a rubuta ta a duba takardar da ta zo da shi, kada a dogara da ta murhun maƙwabciya.

Sharaɗinsa na farko tukunya. Sai wadda mayen ƙarfe ke kamawa a gindi. Alminiyam ɗin Katako, tagulla da tukunyar ƙasa ba sa aiki; baƙin ƙarfe da tukwanen ƙarfe masu farin fenti na aiki. Masu ƙyalli kuwa wasu na yi, wasu ba sa yi. Mafi ruɗarwa su ne waɗanda mayen ƙarfe ke kamawa da rauni, ko masu gindi ƙasa da santimita 12: murhun ya gan su, ya fara, ya rasa su, ya mutu. Mai tuƙa tuwo da ke karkata tukunya ko ɗaga ta na jawo haka. Faifan ƙarfen da ake sayarwa don a ɗora tukunyar alminiyam a kai na aiki, amma yana gasa gilashin, ma'aunin zafi ya yanke wuta da wuri.

Na biyu iska. A ciki akwai wani taranzisto mai ƙarfi, IGBT, da ke kunna wuta yana kashewa sau fiye da dubu 20 a daƙiƙa, yana ɗaure a jikin alminiyam mai haƙarƙari, fanka na hura masa iska daga ƙasa. A gidaje da yawa a ƙasa ake girki, sai a ajiye murhun kan tabarma, buhu ko yashi, a toshe masa hanci. Ƙurar hunturu da maiƙon suya na haɗuwa su zama kamar auduga a kan fankar, kyankyasai kuma na son ɗumin allon. A ɗakin girki mai rufin kwano, ranar da zafin gari ya haura digiri 42, iskar da fankar ke ja ma zafi gare ta. Alamar wannan laifi ba ta ɓuya: yana aiki minti 10 zuwa 20 a babbar lamba, ya mutu, ya yarda ya tashi bayan ya huce, ya sake mutuwa da wuri fiye da na farko. A ɗora shi kan tebur na katako ko dakali mai santsi, a bar masa santimita 10 ta kowane gefe, kada ya zauna kan teburin ƙarfe. Idan an kunna ba a ji ƙarar fanka ba, a kashe. Gudu ba fanka na ƙone taranziston, gyaran da ya ninka na fanka tsada.

Ma'aunin zafin da ke manne a ƙarƙashin gilashi shi ma na iya yin ƙarya idan farin man da ke tsakaninsa da gilashin ya bushe ko ya goce daga wurinsa. A ƙananan murhuna da yawa yana nuna kiloom 100 a zafin digiri 25. A shagon gyara a Yamai cikin Afrilu, inda zafi ya kai digiri 40, lafiyayyensa zai nuna kusan 53. Wanda bai san haka ba zai cire mai lafiya ya jefar.

Akwai kuma yankewar da aka tsara. Ƙananan murhuna da yawa na kashe kansu bayan awa biyu ba a taɓa su ba, abin da mai dafa ƙafar sa ko wake ke cin karo da shi. Ruwan da ya zuba kan wurin taɓawa na kashe shi. Man suya da ya wuce kima ko tukunyar da ta ƙafe, haka. A ƙananan lambobi, masu araha na ba da wuta suna ɗaukewa kowace ƴan daƙiƙu. Duk waɗannan ba sa bukatar mai gyara. Buɗe shi kuwa ba aikin gida ba ne: a ciki akwai kondansater, wato ma'ajin wuta, da ke riƙe da sama da volt 300, kuma yana iya riƙe ta bayan an zare igiya.

Rabon wutar gari a cikin lamarin

Mutane da yawa na ɗora komai a kan NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, kuma ba a rasa dalili ba. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga Najeriya take zuwa, ta Yamai ta layin Birnin Kebbi mai kilovolt 132. A farkon Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yanke ta a cikin takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba ta dawo ba sai Maris 2024. A tsakanin nan birnin ya dogara da injinan Gudel da Goru Banda, da tashar hasken rana mai megawat 30 da ta fara aiki a Goru Banda a 2023. Madatsar Kandaji, da ake sa ran za ta ba da megawat 130, ita ce dogon fatan da aka daɗe ana jira.

Sai dai ƙarancin wuta a matakin ƙasa ɗaukewa yake haifarwa, unguwa ta yi duhu gaba ɗaya. Raunin wuta, inda fitila ke ci amma fanka na juyawa da kyar, yawanci daga kusa yake: taransifoma da gidaje suka yi wa yawa, dogon layi zuwa ƙarshen unguwa, ko siririyar waya a cikin gidan. Kuma murhunan ba sa amsa shi iri ɗaya. Mai wayar zafi ba ya mutuwa saboda rauni, sanyi kawai yake yi: a volt 180, kai mai wat 2000 na ba da kimanin 1340. Na maganaɗisu kuwa yana auna wutar da ke shigo masa, idan ta sauka ƙasa da iyakarsa ya rubuta lamba ya tsaya. Idan mutuwar na zuwa da tsakar rana da bayan magariba, safiya kuma lafiya, wannan ne.

Ana raba gardamar da awo biyu. A auna volt a priz murhu na kashe, a sake aunawa yana kan babbar lamba. Saukar da ta wuce volt 11, wato kashi 5 cikin ɗari, ta yi yawa. Sai ma'aikacin wuta ya maimaita awon a akwatin makatsai, kusa da mita, ba tare da taɓa hatimin kamfani ba. Idan can wutar na tsaye, a priz ne take faɗuwa, wayar gida ce. Idan can ma tana faɗuwa, ƙorafin na kamfani ne.

Abu biyu na gaggawa a nan. Idan fitilun wani ɗaki suka yi haske fiye da kima na wani suka dushe, alama ce ta tsinkewar wayar tsaka-tsaki, wuta na iya hawa kusa da volt 380; a kashe babban makatsi nan take. Sannan murhu mai maɓallin juyawa da aka manta a kunne lokacin da aka ɗauke wuta zai ci gaba da aiki da zarar ta dawo, ko da ƙarfe biyun dare ne, ko da tsumma a kansa.

Inda masu gyara suka saɓa

Saɓani mafi girma kan tsallake mai gadin zafi ne, a haɗa wayar kai tsaye. Masu yi na cewa ba a samun irinsa a kasuwa, mai murhu na son girki ya yi sauri, kuma sun yi wa mutane da yawa ba abin da ya faru. Gaskiya ne cewa murhun na daina mutuwa. Masu ƙi na cewa zafin da ke sa shi yankewa bai tafi ko'ina ba: faifan zai yi ja har ya tsage, rufin wayoyi ya narke, gilashi ya fashe, man suya ya kama da wuta. Ta fuskar aikin injiniya hujja na tare da na biyun, domin tsallakewa na kawar da alamar ne ta bar sanadin, wanda sau da yawa tukunya ce ko fanka.

Na biyu kan regilater ne, na'urar daidaita wuta. Tana taimakon murhun maganaɗisu idan raunin daga waje yake, amma sai mai girma: murhu mai wat 2000 na son aƙalla mai VA 3000, kuma ƙarfinta na raguwa yayin da wutar shiga ke sauka. Masu sukarta na tuna cewa ba ta ƙirƙirar wuta. Tana ɗaga volt ne ta hanyar jan ƙarin amper, don haka idan siririyar wayar gida ce matsalar, sai ta ƙara mata zafi. Dukansu na da gaskiya, awon nan biyu ne ke nuna wanda maganarsa ta dace da gidan. Masu ƙaramin gurup, wato janareta, ko batirin hasken rana lissafinsu ya fi tsauri: wat 2000 daga batir mai volt 24 na nufin kusan amper 90, abin da ke sa na'urar juya wuta ta yi ƙara ta yanke cikin ƴan mintuna.

Abin da ya shafi aljihu da zaman haya

Yankewa da dawowa irin ta ƙa'ida ba ta ƙara cin kati. Lokacin da murhu ke kashe mita ba ta ƙirga komai. Kai mai wat 1500 na cin kilowat-awa ɗaya da rabi idan ya yi awa cur yana ci, rabin haka idan rabin lokacin a kashe yake. Abin da ke cinye kuɗi shi ne tukunya mai zagayen gindi da girki ba murfi, inda ake biyan zafin da ke tafiya a iska.

Wajen gyara ko saye, baki da waya da fanka da maɓalli ƙananan kaya ne, sun cancanci gyara. Ƙaramin risho da faifansa ya tsage ko yake jan hannu, kuɗin faifan da na aiki kan kusanci na sabo. Gilashin da ya tsage ba a girki a kansa, domin ruwa na sauka kan wuta kai tsaye.

A gidajen haya masu tsakar gida ɗaya da mita ɗaya, murhun ɗaki guda na iya kayar da wutar kowa, rigima ta tashi kan wanda ya jawo. Musanya makatsi da mai amper mafi girma ba tare da canza waya ba na mayar da wayar cikin bango ta zama fis. Hanyoyin da ke aiki su ne a raba lokutan girki da na guga, a ja wa ɗakin girki layinsa da waya mai 2.5, ko mai gida ya je ofishin kamfani ya nemi ƙarin ƙarfin rajista, wanda ke zuwa da ƙarin kuɗin wata da masu haya za su daidaita yadda za su raba.